Kiɗan Kyauta a Rakodar Iya

Da Haladu tela ya san abin da zai samu kaset ɗin nan a Gumel, da bai bari ya fita daga ɗakin Iya ba. Ita ma tsohuwar sai da ta ja masa kunne. Tana miƙa masa tana riƙe da gefe ɗaya, kamar mai ba da jariri ga wanda ba ta yarda da hannunsa ba.

"Ɗanmalam, abin nan ya girmi 'yarka. Bai taɓa kwana a waje ba."

"Iya, ai ba kwana zai yi ba. Yanzu zan je a juye shi a memori, in dawo miki da abinki kafin la'asar."

Ɗanmalam take ce masa, don shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta saki kaset ɗin, amma idonta bai sake shi ba har ya sa shi a aljihun gaba ya fita.

Bikin 'yarsa Muhsina ne ya kai shi ga wannan kasada. Za ta auri Abdulfatah, wani ma'aikaci ɗan cikin garin Gumel. Su biyun suka ga juna suka daidaita, iyaye suka sa albarka. Sai dai a zuriyar su Haladu, tun suna Ɗanzomo kafin su dawo Sule Tankarkar, akwai abin da ba a ƙetarewa. Ranar yini babu macen da za ta shiga fili ta taka rawa sai babbar tsohuwar gidan amarya ta fara buɗe shi. Ko ƙafa ta ɗaga ta ajiye, ya wadatar, a rangaɗa guɗa kowa ya shiga. In kuwa ta zauna ta ƙi tashi, to an san ba ta yi na'am da auren ba, kuma maganar za ta bi amarya har ɗakinta. Dangin ango sun san da wannan, don wata gwaggon Abdulfatah a Ɗanzomo ta tashi. Ga shi kuma ranar da aka kawo kayan sa rana Iya ta saki wata magana a gaban baƙi, ta ce mutanen birni gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa in za su gai da mutum. Da wasa ta faɗa, amma maganar ta hau mota ta bi su Gumel.

Tun daga ranar Haladu bai ƙara samun natsuwa ba. Yana kan keke yana ɗinki, zuciyarsa na wurin filin nan. Da ya tuntuɓi Iya, ba ta ce ba za ta tashi ba. Cewa ta yi ita ba ta taka kiɗan inji.

"Wannan abin da yaranku ke sawa, kamar ana dukan garwa? A sa mini Kyauta, ko da sanda zan tashi."

Kyauta mai kalangu shi ne ya yi musu kiɗa a dandali suna 'yan mata. Ya rasu tun Haladu yana saurayi, yaransa suka watse, kalangun ma ba wanda ya san inda ya shiga. Abin da ya rage shi ne wannan kaset, da tsohuwar rakodar Iya mai ɗaurin ƙyalle a marfi. Kullum bayan azahar takan zauna a ƙofar ɗaki ta kunna, tana tsince wake ko tana murza zare, kafaɗunta na motsi a hankali. Ba ta sayen sabon batir. Waɗanda aka gama da su a tocila take karɓa a wurin maƙwabta, ta jera a kan katanga rana ta gasa su, ta ɗan ƙwanƙwasa su a bakin turmi, ta zuba. Haladu ya sha sayo mata sababbi, sai ya tarar ta ba jikoki sun sa a fitila.

Abokan ango sun riga sun ɗauki mai kiɗa, wani Saifullahi da ke da shagon tura waƙoƙi kusa da tasha a Gumel. Shi ne ya ce wa Haladu a waya, "Baba, kayana ba sa cin kaset. In ba memori ba sai filas. Amma kawo shi, zan aro na'ura in juye maka shi tas."

Shagon ɗan ƙarami ne, ya cika da zafin janareta da ƙarar waƙoƙi. Saifullahi ya karɓi kaset ɗin ya juya shi gaba da baya yana dariya.

"Kai, Baba! Wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi."

"Ka dai bi shi a hankali. Na tsohuwa ne."

Saifullahi ya jawo wata rakoda da ya aro a wurin mai gyaran rediyo, ya busa ƙurar da ke ciki, ya haɗa waya zuwa kwamfuta, ya danna. Kalangu ya tashi. Haladu ya ji kiɗan yana gudu fiye da yadda ya san shi, muryar Kyauta ta yi siririya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai sautin ya murɗe, ya shaƙe, ya yi wani irin kuka kamar akuyar da igiya ta sarƙe. Kafin Saifullahi ya kai hannu, na'urar ta haɗiye zaren kaset ɗin. Da ya buɗe marfi, zaren ya fito a cukurkuɗe, wani wurin ya tsinke, wani wurin ya miƙe ya yi siriri kamar gashi.

Suka tsaya suna kallonsa. Saifullahi ya ɗauko biro ya fara naɗewa, ya aika aka samo jan farce ya liƙa inda ya tsinke. Da aka sake gwadawa, sai huci kawai yake yi, can a ƙasa ana jin wani abu kamar kalangu a cikin rijiya.

"Baba, wallahi zaren ne ya gaji. Ko ba yau ba dama zai tafi."

Haladu bai yi faɗa ba. Ƙarfin faɗan ma babu. Ya zauna a kan benci ya cire hula yana goge kai.

"Kada ka damu," in ji Saifullahi. "Yanzu babu abin da babu a waya. Ba ni zuwa jibi."

Da Haladu ya koma gida ya ce wa Iya ana kan aikin, kaset ɗin yana da tsawo. Ta dube shi, ta dubi aljihunsa, ta ci gaba da tsince wakenta. Matarsa Mariyamu kaɗai ya gaya wa gaskiya, a bayan ɗakin girki.

"Innalillahi! Malam, da ka bari an kai rakodar gaba ɗaya."

"Da na sani ai ba ta gyara zare, Mariyamu."

"To ka faɗa mata."

"In faɗa mata me? Bari in samo wani tukuna."

Washegari bayan azahar gidan ya yi tsit. Iya ta zauna a inda ta saba, rakodar na gefenta ba komai a ciki, batiran na kan katanga suna shan rana a banza. Muhsina ta fito da kwanon lalle ta tsokane ta.

"Tsohuwa, yau saurayin naki ya yi yaji ne? Ba mu ji muryarsa ba."

"Ubanki ya kai shi birni. Kin san wanda ya shiga birni ba ya dawowa da wuri. Ke ma haka za ki yi."

Muhsina ta yi dariya. Haladu da ke jin su daga zaure bai yi ba.

Ranar da ya koma Gumel, Saifullahi ya tare shi da fara'a, ya ce an samu har kala-kala. Na farko da ya kunna, Kyauta ne ba shakka, amma kafin ya kai ƙarshen baiti sai wata murya ta faɗo a kai tana tallar wani shagon turi da lambar waya, ta tafi ta sake dawowa. Na biyu an tura shi daga waya zuwa waya har ya gaji, kalangun ya zama kamar ana taka busasshen kara, ba ka rabe murya da kiɗa. Saifullahi ya ce in aka sa wannan a manyan sifiku kunnen mutane zai yi ciwo. Sai ya gyara zama ya kunna na ƙarshe yana murmushi.

"Wannan kuwa, Baba, an yi masa aiki. Ji yadda yake dukan ƙirji."

Wani ne ya ɗauki muryar Kyauta ya ɗora ta a kan kiɗan fiyano, ya cire kalangun gaba ɗaya. Haladu ya ɗaga hannu.

"Kashe, don Allah. Wannan in Iya ta ji, ba rawa ba, zagi za ta buɗe fili da shi."

"To Baba, abin da ke yawo ke nan. Mutanen da ba su ajiye abu da kyau ba."

"Mun ajiye. Kai ka ba na'ura ta cinye."

Saifullahi ya sosa ƙeya. Can ya ce akwai wani dattijo a kasuwar Maigatari, Ɗantsoho, mutumin Damagaram ne, da can dillalin kaset ne babba. Ana cewa har yanzu yana da buhunan kaya da bai zubar ba.

Ranar Alhamis Haladu ya rufe shago da ɗinkin mutane jibge a kan tebur, har da na 'yan biki, ya kama hanya. An yi ruwa da asuba, hanyar duk taɓo. Ya sauka a Gumel ya canza mota, aka cusa shi tsakanin wani mai awaki da buhun gishiri. Ya isa Maigatari rana ta take, ya ratsa ta kara, inda raƙuma da shanu suka cika fili, yana tambaya ana nuna masa gaba. Wani ya ce Ɗantsoho ya daina zuwa. Wani ya ce ya mutu. Wani mai shayi ya ce ƙarya ne, da safe ya sha shayi a wurinsa bai ma gama biyan na makon jiya ba, ya nuna masa wata rumfa a bayan masu tabarmi.

Dattijon na zaune a kan buhu, da rawani da tabarau mai ɗaurin zare. A gabansa faranti ne cike da memori da caja, a bayansa kwalaye. Suka gaisa, Haladu ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Kyauta na Ɗanzomo?" Ɗantsoho ya buga cinya. "Wallai yau shekaru ban ji wanda ya tambaye shi ba. Kai ɗansa ne?"

"A'a. Mahaifiyata ce ta yi rawarsa."

"To ta yi rawa! Wanda bai ga filin Kyauta ba bai ga rawa ba. Har can wajenmu ake ɗaukarsa biki. In ya saki hannu, 'yan mata ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Mai nauyin jiki gefe take komawa ta yi tafi."

Ya juya ya shiga tonon kwalaye, yana fito da kaset yana karanta bayansu da kyar yana mayarwa. Haladu na tsugune, ƙafarsa ta yi tsami, yunwa na cinsa, yana ta lissafin abin da zai ce wa Iya in aka rasa. Can dattijon ya ɗago wani kaset da ledarsa ba a ko ɓare ba.

"Ga shi. Orijinal. Daga ɗan'uwansa nake buga na sayarwa, shi kuwa wannan ban taɓa buɗe shi ba. Kunne bai taɓa shi ba."

Yana da tasa na'urar, mai tsabta, lulluɓe da tawul. Ya goge kanta da auduga, ya juye kiɗan a memori, wanda shi yake kira kart, sannan ya sa a wayar Haladu ya ce ya saurara. Haladu ya kara a kunne, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Bai taɓa jin Kyauta haka ba. Kowane bugu a rarrabe, ana jin yadda yake matse tsarkiyar kalangun yana saki, ana jin tafin 'yan amshi, har numfashin da yake ja kafin ya ɗauki baiti. Ya ji kamar akwai sauri a ciki, amma ya ce a ransa tsabtar sauti ce ta sa. Ya roƙi Ɗantsoho ya buga masa kwafi ɗaya a kaset, don ya mayar wa Iya wani abu a madadin nata.

"Ka ce mata ta sa pil sabo," in ji dattijon yana miƙa masa. "Batir, yadda kuke cewa. Kuma in za ta taka, ta ɗaure zane da kyau."

A mota Haladu ya yi gyangyaɗi, karon farko da barci ya ɗauke shi ba da tunanin fili ba.

Ya iso gida bayan la'asar. Bai ko wanke ƙafa ba ya aro ƙaramar sifika a wurin maƙwabci, ya ajiye a tsakar gida, ya kira Mariyamu da Muhsina, ya durƙusa a gaban Iya.

"Iya, ga Kyauta. An wanke shi tas."

Ya danna. Kalangu ya cika gidan. Muhsina ta fara kaɗa kai, Mariyamu ta ce kai, masha Allah. Iya ta karkata kunne. Hannunta da ke cikin faranti ya tsaya. Ta saurara har aka kai amshi, sannan ta ci gaba da tsince wake.

"Wane ne wannan?"

"Kyauta ne, Iya."

"Kyauta? Wannan mai muryar kamar an matse wa zakara wuya? Wannan yaro ne ya ari waƙar. Ji yadda yake gudu, kamar wanda ya ɗauko kayan mutane. Kyauta muryarsa babba ce, Ɗanmalam. Yana kiɗa yana jiranka. Ba ya barin mutum a baya."

"Iya, wallahi shi ne. Daga na asali aka juyo."

"Ni za ka gaya wa Kyauta? Kashe abin nan. Ina kaset ɗina?"

Haladu ya kashe. Ya ji duk gajiyar hanya ta sauko masa a wuya lokaci ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kaset ɗin ya ajiye a gabanta, ya faɗa mata abin da ya samu nata, bai rage komai ba. Ya jira faɗa. Iya ta ɗauki kaset ɗin ta juya shi. Nata yana da tabon manja a gefe, wannan fari ne fes.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar na gani a tafiyarka."

Ta ajiye kaset ɗin. Maganar ta fi masa faɗa ciwo. Muhsina ce ta kasa jurewa, ta tashi ta kwaso batiran da ke kan katanga, ta ƙwanƙwasa su a bakin turmi yadda ta ga kakarta na yi, ta zuba a rakoda.

"Tsohuwa, bari mu ji ko a gidansa zai yi hankali."

Ta sa sabon kaset ɗin ta danna. Rakodar ta yi ƙugi, ta ja zaren da kyar. Kalangu ya fito a hankali, da nauyi, kowane bugu sai ya zauna kafin na gaba ya zo. Muryar ta sauka ƙasa ta yi kauri, irin wadda Haladu ya tashi yana ji kullum bayan azahar. Iya ta ɗago kai. Kafaɗarta ta dama ta motsa, sannan ta hagu.

"Yauwa," ta ce. "Ga Kyauta nan. To wancan yaron fa, a ina ka samo shi?"

Haladu ya dubi rakodar, ya dubi sifikar maƙwabci, ya dubi katangar da ake shanya batir. Kiɗa ɗaya ne, daga kaset ɗaya. Batiran da rana ta gasa ne ba su da ƙarfin jan zaren yadda ya kamata. Shekara da shekaru rakodar na rage gudu, Iya ma na ragewa, suna tafe tare ba wanda ya lura. Ya tuna maganar Ɗantsoho, 'yan matan da ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Ya dubi ƙafafun Iya da suka kumbura, da sandar da ke jingine a bango. Mariyamu ta buɗe baki, ya girgiza mata kai.

"Kuskure aka yi, Iya," ya ce. "Wani ne daban."

Da safe ya sake hawa mota zuwa Gumel, da rakodar a cikin buhu, bayan ya yi rantsuwa cewa ba zai bari kowa ya taɓa ta ba. Saifullahi ya saurari na memori, ya saurari na rakoda, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga fuskar Haladu ya daina.

"Baba, wannan na Maigatari ai zinariya ce. Ban taɓa samun tsohon kiɗa mai kyau haka ba. Shi za ka ce in lalata?"

"Ba lalatawa na ce ba. Ka ja masa linzami, ya yi daidai da na rakoda."

Saifullahi ya gwada a kwamfuta. Ya rage gudun, muryar ta tsaya siririya yadda take. Ya saukar da muryar, kalangun ya yi wani iri kamar a cikin tulu. Ya daidaita da farkon kaset ɗin, sai suka ga rakodar ba gudu ɗaya take yi ba: da batir na da ɗumin rana takan ɗan yi hanzari, in an jima ta lafa, wani wurin ta yi rawa kamar mai jin sanyi. Suka ɗauki sautin rakodar da waya, da aka sa a babbar sifika sai huci da ƙugin inji suka danne kiɗan. Har azahar suna abu ɗaya. Saifullahi ya tura masa duk abin da suka yi a memori.

Da ya dawo gida, Iya ta saurari kowanne da haƙuri. Wani ta ce ya yi kusa. Wani ta ce Kyauta ne amma kamar ba shi da lafiya. Daga ƙarshe ta ce, "Ɗanmalam, kana ta wahalar da kanka. Ga shi nan a rakoda, me ya hana a sa shi?"

Haladu ya kira Saifullahi a waya ya ce ranar yini za a ajiye rakodar a kan kujera, a kara mata makirfo.

"Haba Baba! A gaban mutanen Gumel? Ni da kayana na zamani, a ga na durƙusa gaban rakoda mai ɗaurin ƙyalle? Gobe wa zai ɗauke ni biki?"

"Baiti ɗaya ne, Saifullahi. Ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ka sa duk abin da ka ga dama."

"In ta cinye kaset ɗin fa? In makirfo ya yi kuka?"

"Kai ma ka san cin kaset."

Saifullahi ya ce, "To, Allah ya kai mu. Amma ka sa mata sabon batir."

Sabon batir kuwa shi ne ba za a sa ba. Haladu ya gwada a ɓoye a shago, da sababbi rakodar gudu take yi kamar ta Ɗantsoho. Sai waɗanda suka gaji, kuma ba waɗanda suka mutu ba, sai an shanya su sun sha rana sosai. Ya bi maƙwabta yana karɓar tsofaffin batiran tocila, yawancinsu ma sun koma fitila mai caji, suna tambayarsa ko lafiya. Ga ɗinkin 'yan biki bai gama ba, ga masu rumfa, ga masu abinci, shi kuwa yana yawo da batira a aljihu kamar mai tallar goro.

Muhsina ta same shi a zaure ana gobe yini, hannunta da ƙafarta duk lalle.

"Baba, ka bar abin nan haka. In ba ta tashi ba, Abdulfatah ya san ba ƙinsa take ba."

"Shi ya sani. Gwaggonsa fa? Ke za ki zauna da su, ba ni ba."

Ta juya ta koma ciki.

Ranar yini gari ya waye da lumshi. Haladu ya jera batiran a kan katanga tun da hantsi, ya koma ya karɓi baƙi, ya dawo ya taɓa su, sanyi ƙalau. Hadari na haɗuwa ta gabas, bai taso ba, bai kuma watse ba. Mariyamu ta ce a ɗora su kusa da murhu, ya ɗora, ya kwashe da sauri don kada su fashe. Bayan azahar motocin Gumel suka iso. Mata suka cika rumfa, gwaggon ango ta samu kujera a gaba ta zauna, ta gyara mayafi tana duban ƙofar ɗakin Iya. Saifullahi ya kafa sifikunsa, ya ajiye kujera a tsakiya, ya ɗora rakodar a kai yana kawar da fuska.

Iya ta fito da sabon zanen da Haladu ya ɗinka mata, tana dogara sanda, aka zaunar da ita a bakin fili. Ba ta dubi kowa ba. Haladu ya tsaya a bakin zaure, inda namiji zai iya tsayawa, ya miƙa wa Mariyamu batiran da kaset. Memorin na aljihunsa, da kiɗan nan mai tsabta da ya sha wahalar nema, da sauran da aka rage wa gudu, ko da za a buƙata.

Mariyamu ta durƙusa gaban kujerar tana zuba batir. Haladu bai san ko suna da ƙarfin da za su ja zaren ba, bai san da wace murya Kyauta zai fito ba, bai kuma san ko Iya za ta tashi ba.